Tallafin karatu ya wuce kuɗin makaranta: ko rangwamen dala 2,500 ya tafi ke nan?

Kafin ƙarshen watan Janairu na kowace shekara, jami'o'in Amurka kan aika wa ɗalibansu wata takarda mai shafi ɗaya, fom 1098-T. Gurbi na 1 yana nuna kuɗin makarantar da jami'a ta karɓa a shekarar da ta wuce. Gurbi na 5 kuma yana nuna tallafin karatun da ya bi ta hannunta. Iyaye da yawa, har da wasu masu shagon cike wa mutane takardun haraji, gurabun nan biyu kawai suke dubawa su yanke hukunci: in na 5 ya fi na 1, to babu rangwamen harajin da ake bayarwa a kan kuɗin karatu, wanda ke kaiwa dala 2,500. Sau da yawa hukuncin nan kuskure ne. Waɗanda yake ci wa kuɗi kuwa su ne gidaje masu ƙaramin ƙarfi, domin su ne 'ya'yansu ke samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya.

Gidan da za mu duba na misali ne, na tsara shi don a ga lissafin daki-daki. Dokokin da iyakokin kuɗin kuwa na gaske ne, na shekarar haraji ta 2024.

Gidan da abin da ke hannunsu

Maigida ma'aikaci ne a rumbun ajiyar kaya na wani kamfani, uwargida kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Dukansu suna da katin zama na dindindin, kuma takardar haraji ɗaya suke cikewa a matsayin ma'aurata. Albashinsu a haɗe dala 56,000 ne. 'Ya'yansu uku: biyu ba su kai shekara 17 ba, babbar kuma tana da 19. Ta shiga wata jami'ar gwamnatin jiha a kakar 2023, tana karatu cikakken lokaci, tana kwana a ɗakin ɗalibai.

Takardarta ta 2024 ta nuna dala 9,000 a gurbi na 1, da dala 11,000 a gurbi na 5. Wannan 11,000 ɗin kashi biyu ce: 6,000 tallafin Pell, 5,000 kuma tallafin da jami'ar ta ba ta saboda sakamakonta. Akwai abubuwan da takardar ba ta nuna ba. Littattafan da malamai suka wajabta sun ci dala 600, a intanet ta saye su. Ɗaki da abinci sun ci dala 10,000. Ta yi aiki na 'yan sa'o'i a ɗakin karatu, ta samu dala 3,500. Jimillar abin da shekarar ta ci dala 19,600 ne, tallafi ya ɗauke 11,000, saura 8,600. Iyayen suka biya 6,000, akasari daga adashin da uwargida take zubi da matan unguwa, ita kuma yarinyar ta cika 2,600 daga albashinta.

Mai shagon da suka saba zuwa ya duba takardar, ya ce wa maigida: "Alhaji, ai ku ma kun ci riba. Tallafi ya biya makaranta har da rara, ba ku da wani rangwame a nan." Maigida ya yi hamdala ya sa hannu. A zuciyarsa dai ya san dala 6,000 ta fita daga gidansa, amma tunda wanda ya san aikin ya faɗa, sai ya bar zancen.

Dokoki biyu da ke cin karo

Ta farko ita ce dokar rangwamen. Tun 1997, zamanin Bill Clinton, aka ƙirƙiro rangwamen Hope da na Lifetime Learning. A 2009, cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta farkon mulkin Barack Obama, aka faɗaɗa na Hope ya koma American Opportunity, wanda ake taƙaitawa AOTC, sannan dokar 2015 ta mayar da shi na dindindin. Yana mayar wa mai biyan haraji dukkan dala 2,000 ta farko da ya kashe a kuɗin makaranta da littattafai, da kuma kwatan dala 2,000 ta biyu. Ƙololuwarsa ke nan dala 2,500 ga kowane ɗalibi a shekara, kuma sai an kashe 4,000 ake kaiwa can. Daga harajin kansa ake cire shi, dala da dala. Kashi 40 cikin ɗari nasa, wato har dala 1,000, ana biyan mutum a hannu ko da ba a binsa harajin ko kwabo. Sharuɗɗansa: ɗalibi yana cikin shekaru huɗun farko na karatun gaba da sakandare, yana neman digiri ko wata shaidar da aka amince da ita, yana ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi. Ga ma'aurata, yana fara raguwa daga samun dala 160,000, ya ƙare a 180,000. Gidanmu ya cika duka.

Ta biyu ita ce dokar tallafin karatu, sashe na 117 na kundin harajin Amurka. Tun gyaran haraji na 1986, tallafin da ɗalibi ya kashe a kuɗin makaranta da littattafan da aka wajabta ba a biya masa haraji. Wanda ya kashe a ɗaki, abinci ko kuɗin mota kuwa, samu ne kamar kowane samu, a takardar harajin ɗalibin ake rubuta shi.

Inda suka haɗu shi ne: ba a cin moriya biyu a kan dala ɗaya. Kuɗin makarantar da aka biya da tallafin da ba a biya wa haraji ba, ba za a sake kawo shi a nemi rangwame a kansa ba. A nan mai shagon ya tsaya, kuma har zuwa nan bai yi ƙarya ba. Ya ɗauki 9,000 ya debe 11,000, ya ga babu saura.

Lissafinsa ma bai cika ba. In an bi hanyarsa, kuɗin makaranta da littattafai 9,600 ne, tallafi 11,000, saboda haka rarar 1,400 ta riga ta zama samun yarinyar ko an so ko ba a so. Bai ambaci wannan ba.

Abin da bai tambaya ba

Tambaya ɗaya ce ta raba gardama: me wasiƙar kowane tallafi ta ce game da inda za a kashe shi?

Yarinyar ta buɗe shafinta na jami'a a waya, ta nemo wasiƙar tallafin 5,000. A sakin layi na biyu an rubuta cewa kuɗin na biyan kuɗin makaranta ne kaɗai, kuma abin da bai shiga nan ba jami'a za ta janye shi. Wannan a ɗaure yake, babu yadda za a yi da shi. Dole a cire shi daga 9,600, saura 4,600.

Pell kuwa ba haka yake ba. Shirin ya faro a 1972, aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island a 1980, kuma mafi girman abin da yake bayarwa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. An yarda ɗalibi ya kashe shi a duk abin da zaman jami'a ke ci, har da ɗaki da abinci. Ƙa'idar ma'aikatar kuɗin Amurka ta ce tallafin da sharuɗɗansa suka yarda a kashe shi a irin waɗannan abubuwa, ɗalibi yana da zaɓin ya ɗauke shi a matsayin kuɗin ɗaki da abinci, ya rubuta shi cikin samunsa. Da zarar ya yi haka, kuɗin makarantar da ya rage ana ɗaukarsa an biya shi ne daga aljihun gida, kuma rangwame ya hau kansa.

Maigida ya yi tirjiya a nan, kuma tirjiyarsa ta mutumin kirki ce. Ya ce wa 'yarsa ai shi da idonsa ya ga takardar asusun jami'a, Pell yana shigowa suka zare kuɗin makaranta daga ciki, kuɗin adashin mahaifiyarta kuma ɗaki aka biya da shi. Ta yaya za a rubuta wa hukuma akasin abin da ya faru? Ta ce: "Baba, ba mu ne muka zaɓi wannan jerin ba, kwamfutar jami'a ce ta jera haka." Gaskiyarta. Hukumar tara haraji ta IRS, a littafin jagoranta mai lamba 970, ta fito fili ta ce don jami'a ta zuba tallafi a kuɗin makaranta, wannan bai hana ɗalibi zaɓen ya lissafa shi a kan ainihin abin da ya kashe a ɗaki da abinci ba. Asusun ɗalibi a jami'a kamar randa ce da aka zuba wa ruwan guga biyu: in an ɗebo, ba a cewa wannan kofin na gugar farko ne. Abin da doka ta nema shi ne kuɗin ɗakin ya zama na gaske, an kashe shi a shekarar, kuma bai gaza abin da aka jingina masa ba. A nan an kashe 10,000.

Ina ganin wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutanenmu da yawa a can sun gwammace su yi asara da a ce sun yi wa hukuma wayo, musamman masu jiran takardar zama ɗan ƙasa. Tsoron yana da dalili. Amma wannan ba ɓoye samu ba ne. Hasali ma ƙara bayyana samu ne: yarinyar za ta rubuta wa hukuma kuɗin da ya fi na da, da sunanta, a layin da aka tanada domin haka.

Lissafin

Ana so a bar dala 4,000 na kuɗin makaranta da littattafai ba tare da tallafi ya rufe su ba. Bayan an cire tallafin jami'a, saura 4,600. Saboda haka 600 kawai daga Pell za a jingina wa karatu, sauran 5,400 a jingina wa ɗaki da abinci.

A takardar yarinyar: albashi 3,500, tallafin da ya zama samu 5,400 a layi na 8r na jadawali na 1, jimilla 8,900. Wanda iyayensa ke lissafa shi cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu, abin da ake yafe masa kafin a fara lissafin haraji shi ne samun guminsa da ƙarin dala 450, muddin bai wuce 14,600 ba a 2024. Wajen wannan lissafin, doka tana ɗaukar tallafin karatu tamkar samun gumi. Nata ya kama 9,350, ya fi 8,900. Harajin tarayya da ke kanta babu ko dala ɗaya. Da ta rubuta 1,400 da ta rubuta 5,400, duk sifiri ne.

A takardar iyayen: daga 56,000 a cire 29,200 da ake yafe wa ma'aurata, saura 26,800. Harajinsa ya kama kimanin dala 2,750. Fom 8863, wanda ake neman rangwamen karatu da shi, ya ba su rangwamen 2,500: dala 1,500 ta rage harajin, dala 1,000 kuma a hannu. Wani zai ce ai rangwamen harajin da ake ba iyaye saboda ƙananan yaran nan biyu ya riga ya cinye harajin, ina 1,500 za ta shiga? Na karatu ake fara cirewa, sannan na yara, abin da ya rage na yaran kuma ana biyan sa a hannu har dala 1,700 ga kowane yaro a 2024. A lissafin gidan nan babu abin da ya zube. Bambancin hanyar mai shago da wannan hanyar dala 2,500 ne cif, kusan rabin abin da iyayen suka fitar a shekarar.

Dole rangwamen ya hau takardar iyaye, tunda su ke lissafa ta cikin 'ya'yan da suke riƙo. Zamanta a ɗakin ɗalibai bai fitar da ita daga gidan ba a idon doka, kuma ba a sa tallafin karatu cikin lissafin wanda ya ɗauki fiye da rabin nauyinta. Da a ce ita ta nemi rangwamen da kanta, da an yi asara. Ɗalibin cikakken lokaci da bai kai 24 ba, mai iyaye a raye, wanda guminsa bai kai rabin abin da ke riƙe shi ba, ba a ba shi dala 1,000 ɗin nan ta hannu, sauran kuma ba shi da harajin da zai rage da shi.

Da alƙaluman sun sauya

Ba kullum abin ke zuwa kyauta haka ba. A ce yarinyar ta yi aikin bazara sosai ta samu dala 12,000. Samunta zai zama 17,400, a yafe 14,600, saura 2,800. A nan wata doka take iya shigowa, wadda aka yi don hana masu hali ɓoye dukiya da sunan 'ya'yansu. Wajenta, tallafin karatu ba samun gumi ba ne, kuma abin da ya haura 2,600 daga samun da ba na gumi ba ana yanka masa haraji a ma'aunin iyaye, ta fom 8615. Tallafi ɗaya, wuri ɗaya a kira shi gumi, wani wurin a ce ba gumi ba: wannan yana cikin abubuwan da ke rikita har ƙwararru. Ma'aunin iyayen nan kashi 12 ne, saboda haka in dokar ta hau kanta za ta biya dala 336. A biya 336 a karɓi 2,500, har yanzu ciniki ne mai kyau.

Wurin da ake yin hattara shi ne dala 2,000 ta biyu. Ta farko kowace dala tana dawo da dala. Ta biyu kwata kawai take dawowa da shi, 500 gaba ɗaya. In ma'aunin iyaye ya kai kashi 22 ko 24, aka ɗora harajin jiha a kai, ribar kan iya narkewa, sai ya fi kyau a tsaya a 2,000. Jihohi kuwa sun bambanta ƙwarai. Texas da Florida ba su karɓar harajin samu. New York tana yafe wa irin wannan ɗaliba dala 3,100 kacal, saboda haka wadda ba ta biya tarayya komai ba tana iya biyan jiha wani abu. Sai an yi lissafin gida biyu, na iyaye da na ɗaliba, a tarayya da jiha, kafin a zaɓa.

Da kuma a ce duka 11,000 ɗin a ɗaure yake da kuɗin makaranta, to babu wannan zaɓin. Littattafan da aka saya daga aljihu ne kaɗai za su iya jawo wani abu.

Akwai fargabar cewa ƙarin samun zai rage mata Pell nan gaba. Fom ɗin neman tallafi na FAFSA yana duban samun shekara biyu baya, wato na 2024 zai yi aiki a shekarar karatu ta 2026 zuwa 2027. Amma yana da tambaya a kan tallafin karatun da aka bayyana wa IRS a matsayin samu, kuma ana cire shi daga lissafi. Sai dai in an tsallake tambayar. Ya kamata ta rubuta 5,400 ɗin a inda ba za ta manta ba.

Wanda wannan bai shafa ba

A ce akwai ɗan ƙanin maigida da ya zo daga Kano ko Maraɗi da bizar karatu ta F-1, yana jami'a ɗaya da ita. Shi ma yana iya samun 1098-T, amma a shekarun kalanda biyar na farko dokar haraji ba ta ɗaukarsa mazaunin Amurka, kuma wanda ba mazauni ba ba ya samun AOTC ko Lifetime Learning. Fom 1040-NR, na waɗanda ba mazauna ba, yake cikewa. Tallafinsa da ya wuce kuɗin makaranta, jami'a kan cire kashi 14 cikin ɗari tun daga tushe, ta ba shi fom 1042-S. Nijeriya, Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar harajin samu da Amurka da za ta sassauta masa. Duk mai shagon da ya ce zai samo masa dala 1,000, fom ɗin mazauna zai cike masa, kuma ɗalibin ne zai mayar da kuɗin da ruwa a kai. Wanda aka samu ya nemi rangwamen da ganganci ba bisa ƙa'ida ba ana hana shi shekara 2, in zamba ce shekara 10. Ga mai fatan gyara takardun zamansa wata rana, wannan ba ƙaramin tabo ba ne.

Abin da ya dame ni a tsarin

Majalisar dokokin Amurka ta ba talaka abu biyu, Pell da AOTC, sannan ta bar haɗa su a hannun wanda ya san ƙa'idar da ke can cikin littafin jagora. Gidan da ke samun dala 150,000, wanda ɗansa bai cancanci Pell ba, yana karɓar 2,500 ɗinsa ba tare da wani dogon tunani ba, domin gurbi na 5 nasa fanko ne. Gidan da ke samun 56,000 sai ya karanta wasiƙar tallafi, ya cike takarda ta biyu, ya shawo kan tsoronsa. Manhajojin cike haraji ma ba duka ke jawo hankalin mutum ga zaɓin ba sai ya nema. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a nan ba laifin marasa sanin ba ne. Akwai cibiyoyin VITA, inda 'yan sa-kai da IRS ta tantance ke cike wa masu ƙaramin samu takardu kyauta, kuma gida irin wannan ya cancanta. Ko can ɗin ma, gara mutum ya je da wasiƙun tallafin a hannu ya yi tambayar da bakinsa.

Gyara, da zaɓen shekaru

Tunda maigida ya riga ya sa hannu, hanyar ita ce fom 1040-X, wanda ake gyara takardar da aka riga aka miƙa, cikin shekara uku. Iyayen su haɗa da fom 8863. Yarinyar, ko da samunta bai kai wanda ya wajabta mata cike takarda ba, gara ta cike ta nuna 5,400 ɗin, don takardun biyu su yi magana ɗaya, ta kuma karɓo abin da aka cire mata a albashi. A ajiye wasiƙun tallafi, rasitan littattafai da takardar asusun jami'a.

Saura zangon kakar 2023, wanda shi ma ba su nemi komai a kansa ba. AOTC sau huɗu kawai ake karɓarsa ga ɗalibi ɗaya, digirin shekara huɗu kuwa yana ratsa shekarun haraji biyar, daga 2023 zuwa 2027 a nan. Dole a bar ɗaya. In alƙaluman zango ɗaya rabin na shekara ne, kuɗin makaranta 4,500 da littattafai 300, a cire tallafin jami'a 2,500, saura 2,300. Pell na zangon, 3,000, duka ya tafi ɗaki da abinci. Rangwamen ya kama dala 2,075. Kusan haka zangon ƙarshe na 2027 zai bayar, amma a shekarar za ta gama ta kama aiki, kuma babu tabbacin iyayen za su iya lissafa ta cikin waɗanda suke riƙo. Saboda haka ya fi musu su gyara takardar 2023, wadda ƙofarta ke rufewa a watan Afrilun 2027, su bar zangon ƙarshe wa Lifetime Learning. Shi kashi 20 cikin ɗari yake bayarwa, ba ya ƙirga littattafan da aka saya a waje, ba a kuma biyan sa a hannu, amma ba shi da iyakar shekaru. A kan 2,000 da za ta rage na kuɗin makaranta, zai kawo dala 400.